Yaron Gidan Yari

Ranar da 'yata Nuf ta gama sakandare ta dawo gida da takarda guda ɗaya, rubutun hannu, babu hatimi. Malama Asma ce ta rubuta mata: makin kowane darasi, da shaidar cewa ita ta zo ta ɗaya a cikin 'yan mata talatin da huɗu. Duk shekarun nan a matsayin mai sauraro take zama a aji, domin ba ta da lambar da za a shigar da sunanta cikin rajista. Sauran sun karɓi shahada, wato takardar shaida mai tambari. Ƙawarta Manal, wadda ta zo ta tara, har ta cika takardun shiga makarantar koyon jinya, inda Nuf take burin zuwa tun tana 'yar shekara goma.

Ta ajiye takardar a kan keken ɗinkina.

Ni tela ne a Tandabawi, a wani ɗan shago ƙarƙashin matakala wanda lasisinsa ke da sunan wani. Bel ɗin harami nake ɗinkawa, da jakunkunan da alhazai ke zuba takalma. A Makka aka haife ni, a Makka aka haifi mahaifina, kuma a cikinmu babu wanda ya taɓa riƙe tabi'iya, wato takardar zama ɗan ƙasa. Fasfo na wata ƙasar ma ba mu da shi. Ni na saba. Na san lungun da ake bi idan ana bincike, na san ciwon da ake jurewa a gida. Na ɗauka ita ma za ta saba, sai na ga takardar nan.

Makarantar jinyar ba ta karɓar wadda ta wuce shekara biyu da gama sakandare. Shekara biyu ke nan nake da su.

Na je wurin wani mutum da sana'arsa ita ce bin takardun mutane ofis-ofis. Ya saurare ni yana danna waya, har sai da na ambaci cewa ƙanin mahaifina, Baffa Abubakar, ɗan ƙasa ne, yana da shago a unguwar Kudai. Nan ya ajiye wayar. Ya tambaye ni uwa ɗaya uba ɗaya suke, na ce e. Ya ce to ni ba alfarma zan nema ba, nasaba zan tabbatar. Idan kakana yana da tabi'iya, kuma mahaifina ɗansa ne, sauran duk bin layi ne. Ya lissafa abin da alƙali zai nema: tsofaffin takardu, da shaidu, sannan idan uwar tana raye, ta faɗa da bakinta cewa ita ta haife shi. Na tambaye shi gwajin jini, ya ce a saninsa ba a kaiwa nan sai uwa ta fara buɗe baki. Na ce tana raye, shekararta casa'in da biyar, hankalinta ya fi nawa.

Ya ce, "To me kake jira tun shekara hamsin?"

Na sayi littafin rubutu a hanya, na fara bin tsofaffin unguwar Jarwal, inda mahaifina ya tashi, bayan la'asar, 'yan kaɗan da suka rage a gefen da ba a rushe ba, waɗanda ke zama a kan benci a inuwar otal suna nuna da sanda inda gidajensu suke a da.

Wata uku na yi ina rubutu. Kakana sunansa Haliru ɗan Ɗalhatu, daga wani ƙauye kusa da Wurno. Shekarar da Nasara suka ci Sakkwato ubansa ya ce ba zai zauna ƙarƙashinsu ba, ya kwashe iyalinsa ya bi masu hijira zuwa gabas. Haliru yana da shekara goma sha biyu. Uban ya rasu a hanya, uwar ta rasu a Sudan, shi kuma ya yi shekara ashirin yana aikin gona a bakin kogi yana matsawa gaba kaɗan-kaɗan, har ya tsallaka teku a jirgin ruwa na katako. Da ya iso, Jarwal duwatsu ne da 'yan bukkoki. Ya buɗe gwangwanayen kananzir ya yi ɗaki da su, ya shiga sana'ar ɗibar ruwa zuwa gidajen Larabawa, garwa biyu a sanda. Wani tsoho ya ce mini yana yaro ya ga kafaɗar Haliru, kamar bayan raƙumi take. Matarsa ta fari ta rasu ba su haihu ba. Yana da furfura ya auri kakata Ummulkhairi, wadda ita ma iyayenta masu hijira ne.

Har zuwa nan labarin daɗi gare shi. Nuf takan karanta littafin da yamma tana gyara mini rubutu, tana tambayata ko Wurno ta kai Jidda girma.

Tsofaffin duk sun san mahaifina, amma da na ce Ɗalhatu, sunansa na yanka, sai su tsaya suna tunani. Sai na ce Ɗan Yari, sannan su ce af, Ɗan Yari mai gyaran risho, Allah ya ji ƙansa. Suka ce idan ina son asalin maganar in je wurin Rahmatu.

Gwaggo Rahmatu 'yar Yari ce, a gida ɗaya suka tashi da mahaifina. Na same ta a ɗakinta tana tsince shinkafa, idonta ɗaya ya mutu. Ita ta ba ni labarin da na sani rabi-rabi tun ina yaro, ban taɓa neman ƙarashensa ba. Mahaifina ɗan fari ne. Kuma Haliru ya sa masa sunan ubansa da ya rasu a hanya. Kunya biyu ke nan a kan Ummulkhairi, ta ɗan fari da ta sunan suruki. Mace irinta ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta ɗaukarsa a gaban mutane, ba ta cewa nawa ne. Da aka yaye shi aka kai shi riƙo gidan Yari, aminin Haliru, gida uku tsakani. Rahmatu ta ce idan ya yi zazzaɓi Ummulkhairi takan dafa kunu ta aiko, ta ce a ba yaran gidan.

Sai shekarar da aka zo rubuta iyalai gida-gida. Haliru ya riga ya karɓi tabi'iyarsa, saura a shigar da 'ya'ya. Ranar da ma'aikatan suka zo tare da umda, wato mai unguwa, Haliru yana Ɗa'if ya kai kaya. Ummulkhairi ce ta amsa daga bayan labule. Aka tambaye ta 'ya'ya nawa, ga maza baƙi, ga umda, ga maƙwabta sun taru a ƙofa. Ta ce huɗu. Ta jera su, ta fara daga na biyu.

Na tambayi Rahmatu me ya hana Haliru gyarawa da ya dawo. Ta yi dariya ba ta daɗi ba. Ta ce Haliru bai taɓa ɗaukar takarda da muhimmanci ba, yakan ce irin wannan ƙidayar ce ubansa ya gudo wa. Shi kuma Yari ya ce a bar yaron, ai tare za su koma Sakkwato baɗi. Yari ya ƙi karɓar tabi'iya don kada ta riƙe shi. Shekara arba'in yana cewa baɗi, akwatinsa a ɗaure a ƙarƙashin gado, har aka binne shi a nan.

Ta ce za ta yi mini shaida ko a kan gado za a ɗauke ta. Amma ta ce in fara zuwa wurin Abubakar kafin in je wurin tsohuwa.

Shagon Baffa Abubakar yana kusa da tashar motoci ta Kudai, dardumai da carbi da turare yake sayarwa. Shi ne autan Ummulkhairi, kuma a gidansa take zaune. Bai taɓa wulaƙanta mu ba. Kowace sallah yakan aiko da kaya, kuma da mahaifina ya rasu shi ya yi ta zirga-zirga har aka samu izinin binne shi. Ya sa aka kawo shayi, ya saurare ni har na gama. Sannan ya tashi ya ja ƙofar gilashi ya rufe.

Ya buɗe wata tsohuwar jaka ya nuna mini takardar iyali ta Haliru, ta yi ja don tsufa, an manne ta da salatif. Sunaye huɗu. Sai ya zaro wata, sabuwa a kan waccan, mai hatimin kotu. Ya ce lokacin da aka rushe gefen Jarwal da gidan Haliru yake, sai da aka tantance magada kafin a ba da diyya. Shi ne ya tsaya gaban alƙali da shaidu biyu, ya rantse cewa 'ya'yan Haliru huɗu ne, babu wani. Ya ce idan da ya ce biyar, da an tsayar da komai har sai an samo takardar na biyar, wadda babu ita, kuma tsohuwa tana zaune a ɗakin haya tana jira. Ya ce ya kai wa mahaifina rabonsa da hannunsa. Wannan gaskiya ne, na tuna ranar.

"Ya waladi," ya ce, wato ɗana, domin Hausarsa takan zame zuwa Larabci idan ransa ya ɓaci, "idan Inna ta ce biyar, ni mai shaidar zur ne. Ni da mutum biyu da suka yi mini kara, ɗaya yana raye. Ɗana Sa'ud yana aikin gwamnati. Ka san abin da ake yi wa mai shaidar zur?"

Na ce na sani. Na ce masa Nuf ta zo ta ɗaya.

Ya ce ya ji. Ya daɗe yana juya kofin shayi a tafin hannunsa. Sannan ya ce ba zai hana ni ba, ba zai kuma roƙi Inna komai ba, in je in tambaye ta. Na yarda da shi a lokacin, kuma har yau ban kama shi da saɓa wannan ba.

Na fito ina tunanin wa ya yi laifi. Yarinyar da ke bayan labule ta yi abin da uwarta ta koya mata shi ne mutunci. Haliru ya yi biyayya ga ubansa, Yari ya so garinsu, Baffa ya so ya sama wa uwarsa wurin zama. Na juya su ɗaya bayan ɗaya ina neman wanda zan ji haushi, don in samu ƙarfin hawa benen da tsohuwar take zaune, ban samu ba.

Ranar Juma'a bayan an sauko muka je da Nuf. Kaka tana zaune a kan katifa ta jingina da bango, ƙafafunta a miƙe kamar busassun itace, rediyon karatu a gefenta.

"Ga angon da ba shi cefane," ta ce da ta gan ni. Hausar Sakkwato take yi, irin ta iyayenta, ko da yake ba ta taɓa ganin garin ba. "Wata nawa? Na ce ko ka yi mini saki ban sani ba."

"Amaryar da ba ta da haƙori, cefanen me zan yi mata?"

"Ka kawo nama ka gani in ban ci ba. Tela na, ko ɗan kwali bai taɓa ɗinka mini ba."

Wannan wasan tun ina rarrafe muke yinsa. Duk Jarwal an san mace ba ta irin wannan wasa sai da jikanta. Na zauna ina tunanin cewa hujjata mafi ƙarfi ke nan, kuma babu alƙalin da zai rubuta ta.

Na bar Nuf ta yi bayani. Ta faɗa a hankali, rabi Hausa rabi Larabci, ta nuna mata takardar Malama Asma. Kaka ta karɓa ta shafa da yatsa duk da ba ta karanta irin wannan rubutu. Ta tambaya ko masu jinyar nan su ne masu fararen kaya da suka yi mata allura bara, Nuf ta ce su ne. Ta ce hannunsu nauyi gare shi, gara a samu ta gida. Sai na faɗa mata abin da ake so ta ce a gaban alƙali. Na kuma faɗa mata abin da zai iya samun Baffa, domin na yi wa kaina alkawari ba zan ɗauke ta a makance ba.

Ta kashe rediyon.

"Ina zuwa kotun," ta ce.

Nuf ta kama hannunta ta sumbata. Ni kuma na ce, tunda za a je, gara a gwada tun yanzu. Na ce ta ɗauka ni ne alƙali. Na tambaye ta sunan babban ɗanta. Ta buɗe baki, leɓenta suka motsa, ta dubi ƙofa kamar wani zai shigo. Ta ce, "Mai sunan Malam." Na ce alƙali ba zai karɓi wannan ba. Ta ce, "Uban wanga," tana nuna ni. Na ce suna ake so, sunan yanka. Ta ja mayafinta ta rufe baki, tsohuwa mai shekara casa'in da biyar, kamar amarya.

"Ranar ta zo tukuna," ta ce. "Ba a faɗin shi sau biyu."

Wata bakwai muka jira kafin a sa rana. A cikin watannin nan na tara duk abin da ke taruwa: hoton takardar Haliru, da wasiƙar wani limami, da sunayen tsofaffi uku, biyu daga cikinsu suka rasu kafin ranar. Nuf ta ari littattafan shekarar farko daga wurin Manal tana karantawa, don kada a bar ta a baya.

Da hantsi muka shiga. Baffa ne ya kawo Kaka a motarsa, shi ya tura kekenta har cikin ɗakin, ya koma kujerar baya ya zauna, carbi a hannu, kansa a ƙasa. Alƙalin ba tsoho ba ne, kuma ba shi da zafi. Ya saurari Gwaggo Rahmatu, ya sa aka rubuta. Ya duba littafina ma, ya buɗe shafi biyu ko uku, ya ce aiki ne mai kyau amma ba hujja ba ne. Sannan ya juya ga Kaka, ya kira ta uwa, ya tambayi lafiyarta. Ta amsa da Larabcinta na kasuwa, muryarta a tsaye.

Ya tambaye ta ko ita ce matar Haliru ɗan Ɗalhatu. Ta ce ita ce matar mai gidan. Ya yi murmushi ya karɓa, domin takarda ta riga ta nuna. Sai ya ce ta faɗa masa 'ya'yan da ta haifa masa.

Ina tsaye ta gefen damanta, ina ganin hannunta a kan cinya. Ta lanƙwasa babban yatsa ta kwantar da shi cikin tafi. Sannan ta fara ƙirga sauran, tana kiran suna tana taɓa yatsa, mata biyu, namiji ɗaya da ya rasu, sai Abubakar. Ta tsaya.

Alƙali ya ce, "Huɗu ke nan. Akwai wani?"

Ɗakin yana da maza bakwai ko takwas, magatakarda da ɗan sanda da masu jiran tasu shari'ar. Ta dube su. Ba ta juya ta dubi Baffa ba, wannan na tabbata, domin idona yana kanta. Amma ta san inda yake zaune.

Ya sake tambaya ta wata hanya. Ya ce wannan mutum da ke tsaye yana cewa mahaifinsa Ɗalhatu ɗanta ne, shin mene ne Ɗalhatu a wurinta?

"Yaron gidan Yari ne," ta ce.

"Ke kika haife shi?"

Ta ja mayafi ta rufe bakinta.

Nuf ta miƙe daga wurin mata ta ce, "Ya shaikh, ka dubi hannunta." Ɗan sanda ya ce ta zauna. Alƙali ya ɗaga masa hannu, ya leƙo ya duba. Yatsan yana nan a lanƙwashe, sauran huɗun sun rufe shi. Ya daɗe yana kallo, ina jin ya gane, domin ya ce a Makka ya tashi kuma ya yi maƙwabtaka da mutanenmu. Ya ce wa Nuf a hankali shi abin da aka faɗa yake rubutawa. Ya tambayi Kaka karo na uku, ya ce idan tana so a fitar da maza a bar shi da magatakarda. Aka fitar da su, har da ni da Baffa. Muka tsaya a baranda ba mu dubi juna ba. Bayan minti goma aka buɗe ƙofa, Nuf ta turo keken, na ga fuskarta na san amsar.

An rubuta cewa uwa ba ta yi iƙirari ba, kuma takardun da ke akwai sun saɓa wa da'awar. Mai bin takardu ya ce ana iya ɗaukaka ƙara, amma da me?

Na yi wata biyu ban taka Kudai ba. Ina ɗinki ina juya abin. Idan kunya ce ta kama ta, to ta yi niyyar faɗa, harshen ne ya ƙi, shekara saba'in da biyar na shiru suka fi ƙarfinta. Idan kuma Baffa ta tsare, to ta zaɓa ne da idonta a buɗe, ta auna ɗan da ke raye da wanda ya riga ya mutu, ta fake da kunyar don kada wani ya ga ta zaɓa. Wata rana sai in ga na farkon ya fi sauƙin yafewa, wata rana in ga na biyun, domin aƙalla a cikinsa akwai wanda aka ceta. Kuma akwai tambayar da na fi gudu: ni da na gaya mata abin da zai samu Baffa, don in wanke kaina, ba ni na saka mata wuƙar a hannu ba? Da na yi shiru, wataƙila Nuf tana aji yanzu.

Nuf ba ta daina zuwa ba. Bayan kotu da mako uku Kaka ta faɗi a banɗaki, ba ta ƙara tashi ba. Matar Baffa tana fama da nata ciwon, sai Nuf ta koma can da zama. Ita ke juya ta don kada bayanta ya yi gyambo, ita ke auna sukarinta, ita ke yi mata allura yadda ta gani a littattafan Manal. Na ce mata ba dole ba ne. Ta ce ta sani.

Da na koma, Kaka ta rame har ba ta cika rabin katifar ba. Ta buɗe ido ta ce ango ya yi yaji ya dawo. Na ce na kawo mata ɗan kwali, na ɗinka da kaina. Ta shafa bakin ɗinkin ta ce ya karkace.

Ta rasu a watan Rajab, saura wata huɗu wa'adin Nuf ya cika. Aka yi mata salla a Harami, aka binne ta a kabari marar suna kamar na kowa.

Bayan kwana goma Baffa ya zo shagona, abin da bai taɓa yi ba. Babu wurin zama sai kan buhun yadi, nan ya zauna. Ya ce gobe zai je kotu a tantance magadan Inna. Ya ce ya kwana biyu yana shirya abin da zai ce idan aka tambaye shi, har ya yanke shawara zai faɗi biyar, abin da zai faru ya faru. Sai ya je ya tambayi wani malami yadda ake yi, malamin ya ce masa ai waɗanda suke raye ranar da ta rasu kawai za a tambaya. Ɗan da ya riga uwarsa mutuwa ba ya cikin lissafi. Kuma maganar ɗan'uwa ba za ta tayar da hukuncin da aka yanke a kan shirun uwa ba.

"Wannan karon ko ƙarya ba sai na yi ba," ya ce. Ya sa hannu ya rufe fuskarsa.

Ban san ko da gaske zai faɗa ba. Shi ma ina jin bai sani ba. Na ba shi ruwa, na raka shi bakin titi.

Nuf ta dawo gida da jakarta da littattafan Manal, ta ɗaure su da igiya za ta mayar. Na daɗe ina son in tambaye ta, ranar dai na tambaya. Na ce duk zaman da suka yi, ko Kaka ta taɓa faɗa.

Ta ce ta faɗa. Wata Talata da safe, tana yi mata wanka da tsumma. Babu wanda ya tambaye ta. Tana kallon silin ta ce, Ɗalhatu, ni na haife shi, ranar Laraba, ana ruwa. Daga nan ta ce ruwan wankan ya yi sanyi.

"Kin ɗauka a waya?"

"Hannuna biyu suna cikin ruwa, Baba."

Na ce ko ta roƙe ta ta maimaita. Ta ce ta roƙa, Kaka ta ce an riga an faɗa.

Na ɗauko littafin na buɗe shafin da na jera sunaye, daga Ɗalhatu na farko da ya bar Wurno har zuwa Nuf. Na rubuta Laraba, ana ruwa, a gefen sunan mahaifina, domin ban san ranar ba sai yau. Nuf tana tsaye tana kallon tarin yadin da ke jiran yanka. Aikin hajji ya matso, an ba ni bel ɗari biyar, idona kuma ya fara gajiya da zaren fari. Ta ajiye littattafan a bakin ƙofa, ta jawo kujera kusa da keken, ta ce in nuna mata yadda ake sa aljihun ciki, wanda alhazai ke ɓoye fasfo.